Don Allah malaman firamare, ya kuke haɗa Turanci da lissafi yara su gane?

Malamar Aji Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema don Allah. Ni sabuwar malama ce, bara na gama NCE ɗina, yanzu an ba ni aji uku a wata firamaren gwamnati a cikin Kano, yara 74 ne a rajista amma masu zuwa kullum basa wuce sittin da ɗoriya, ran Juma'a kuwa ba a magana. Ni kaɗai ce a ajin, ni ce Turanci ni ce lissafi ni ce komai da komai.

Abin da yake ɗaure min kai shi ne, akwai wata yarinya a ajin mai tallan awara in an tashi, wallahi in ka ba ta dubu ɗaya ka ce ta ba ka ta 350 kafin ka rufe baki ta miƙo maka 650 ɗinka ba kuskure, amma in na rubuta irin wannan lissafin a allo da Turanci sai ta tsaya tana kallona kamar na yi mata yaren China. Jiya ma na rubuta musu "Musa has 9 mangoes, he eats 4, how many are left?" kawai sai wani yaro ya ɗaga min hannun hagu yana murna, saboda satin da ya wuce na koya musu left da right. Na yi dariya har da ƙwalla amma da na koma gida abin ya tsaya min a rai, don gaskiya yaron bai yi laifi ba, abin da na koya masa ya kawo min.

Ga shi baɗi aji huɗu za su shiga, littattafan duk Turanci, komon entaran ma Turanci. Hedimasta ya ce in rage Hausa a aji, in na rage kuma sai ajin ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Wane irin wasa ko aiki kuke yi da yara wanda za su koyi Turancin da lissafin a tare? Amma fa wanda ba sai da kuɗi ba, don na duba YouTube duk abin da na gani na yara goma sha biyu ne a aji mai kafet da furojekta, mu ko wuta babu.

Malama Tun 2009 ta amsa:

Wa alaikis salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Labarin hannun hagun nan ya ba ni dariya don ni ma ya taɓa faruwa da ni da kalmar table, na ce su yi two times table wani ya hau dukan tebur sau biyu.

Buɗe kanti a ajinki. Shi ne abin da ya fi yi min aiki duk tsawon shekarun nan. Ki ce kowa ya zo da fanko daga gida, gwangwanin madara da na tumatir, kwalin ashana, kwalin shayi, robar ruwa, ledar omo, takardar sabulu, a kwana biyu za ki tara abin da ya fi ƙarfin kanti ɗaya. Ki manna wa kowanne farashi da ɗan kwali. Kuɗin kuma su yaran za su yanka takarda su rubuta da hannunsu, 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500, kar ki yi musu, don yanka kuɗin da rubuta lambar ma darasi ne.

Inda mutane suke kuskure shi ne su zubo wa yara Turanci da yawa lokaci ɗaya. Ni satin farko jimla huɗu kawai nake bayarwa, How much is it, It is fifty naira, Give me two, Here is your change. Shi ke nan. Mu yi ta maimaita su har sai na ji suna yi wa juna a filin tara. Sati na biyu sai in ƙara It is too expensive, wannan kam suna sonta don ciniki a jininmu yake, za ki ga yaron da bai taɓa buɗe baki ba yana taya kaya yana juya baya wai zai tafi sai an kira shi.

Tunda yaranki suna da yawa kar ki yi kanti ɗaya, sauran za su zauna suna dambe. Ki yi huɗu, kowace kusurwa ɗaya, kowane kanti da mai kanti da akawu. Masu tallan nan irin yarinyar awararki su za ki fara sa wa a mai kanti, su ne gwanayenki ba ki sani ba. Akawun shi ne sirrin abin, duk cinikin da aka yi sai ya rubuta shi a ɗan allo ko bayan kwali, misali 200 − 150 = 50, sannan ya karanta da Turanci da ƙarfi kafin a ba da canji. In babu akawu wasa kawai kuka yi, lissafin yana nan a ka bai sauko takarda ba. Kuma a riƙa canja su duk bayan ciniki uku ko huɗu. Farashin ma ki fara da masu sauƙi, goma goma da hamsin hamsin, sai sun zauna sannan ki kawo su 35 da 85.

Wani abu kuma, ranar da kika samu hali ki shigo da kuɗin gaske ki nuna musu hotunan jiki. Naira biyar Tafawa Ɓalewa, ashirin Murtala, ɗari biyu Sardauna. Ki juya bayan naira ashirin ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, sai ki tambaya Who is this, What is she doing. Bayan ɗari biyu ga shanu ga dalar buhuna, How many cows. Kin ga kin haɗa Turanci da ƙirge da tarihi da takarda biyu, yara mata kuma suna jin daɗi in aka ce musu akwai mace a jikin kuɗi, yawancinsu basu taɓa lura ba.

Maganar left kuwa, ki samu gefe ɗaya a allo da ba a gogewa, ki rubuta kalmomin da suke yawan fitowa a tambayar lissafi da ma'anarsu, altogether a haɗa, left saura, share a raba, each kowanne. Guda huɗu ko biyar sun isa zango guda. Kuma kar ki tsaya a rubutun, ki kira yara tara gaban aji ki ce huɗu su zauna, ki nuna na tsaye ki ce how many are left, sau uku za ki yi sun kama.

Gargaɗi biyu. Hayaniya sai kin toshe kunne, don haka ki sa shi a darasin ƙarshe kuma ki gaya wa malamin ajin kusa tun da wuri kar ku ɓata. Na biyu ki ƙirga kuɗin takardar ki karɓe kafin a tashi, ni wani ɗalibina ya taɓa kai wa mai rake a bakin get.

Baban 'Yan Biyu ya amsa:

Ni ba malami ba ne amma ku yi haƙuri in faɗi nawa. Anya ba wannan cakuɗa Hausar ba ce take sa yaran makarantar gwamnati suke gama firamare basa iya jimla ɗaya? Nawa suna firabet, can in ka yi banakula tara ake cin ka, kuma alhamdulillah suna aji biyu amma suna Turanci. Ina ganin hedimastanki yana da gaskiya Malama, ki daure ki yi ta yi musu Turancin za su saba.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Baban 'Yan Biyu, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Amma zan so ka yi wani gwaji yau da daddare. Ka ce su karanta maka tebur na uku na ninkawa, na tabbata za su rero shi kamar waƙa. Sannan ka zuba ƙwallon dabino goma sha biyu a faranti ka ce su raba wa mutum uku su faɗa maka da Turanci abin da suka yi. In sun iya, to makarantar ta ci kuɗinta. Na ga yara da yawa masu zaƙin baki da Turanci waɗanda aku ne kawai, kuma yaranka suna da abin da yaran Malama basu da shi, uba mai duba littafi da katun a talabijin da aji mai mutum ashirin. Tarar banakula a ajin mutum saba'in abin da take haifarwa shi ne kurame.

Ni gired tu na yi, wato tsohuwar takardar shaidar malanta, na fara riƙe alli a 1976 shekarar da aka fara UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, lokacin da yara suka cika makarantu har ƙarƙashin bishiya. A tsarin ilimi na ƙasa na 1977 abin da aka rubuta shi ne a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi a ajujuwan farko, Turanci yana matsayin darasi, daga baya ya karɓi ragama. A 2022 ma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a kai harshen uwa har aji shida, amma a 2025 aka soke wannan tsarin. To ko me aka rubuta ko aka soke a Abuja, malami ne a gaban yaran, kuma 'yata Malamar Aji Uku ga ƙa'idar da na yi aiki da ita: kar ki taɓa kawo wa yaro baƙi biyu rana ɗaya. In lissafin sabo ne, ki yi shi da Hausa har ya zauna. In Turancin ne sabo, ki ɗora shi a kan lissafin da ya riga ya iya. Yarinyar awara ta iya ɗebewa, ba ta buƙatar ki koya mata, sunan abin kawai take nema da Turanci. Amma ranar da za ki fara rabawa mai saura, ranar ba ranar sababbin kalmomi ba ce.

Ki lura da wani abu a littattafansu. Ki ce su rubuta fourteen, za ki samu waɗanda suka rubuta 41. Ba daƙiƙanci ba ne. Mu da Hausa goma muke fara faɗa, goma sha huɗu, yadda ake rubutawa haka ake faɗa. Bature kuwa daga 13 zuwa 19 ƙaramar lambar yake fara faɗa, yaro ya ji four sai ya rubuta 4 tukuna. Maganinsa tsinken tsintsiya. Kowane yaro ya ɗaure tsinke goma goma da zare ko kyauro, ki ce fourteen, ya ɗaga ɗauri ɗaya a hannu ɗaya da tsinke huɗu a ɗayan, ki ce forty, ya ɗaga ɗauri huɗu. Daga inda kike tsaye za ki ga wanda ya gane da wanda yake leƙen na kusa, ba sai kin bi littafi saba'in da jan biro ba. Haka thirteen da thirty, fifteen da fifty, ki ja ƙarshen na farkon sosai ki datse na biyun. Wani lokaci ina rubuta 13 a bango ɗaya 30 a ɗaya bangon a waje, in faɗa su ruga, wanda ya yi kuskure ya fita ya zama alƙali.

Agogo ma haka ne. Mu awa muke fara faɗa, ƙarfe uku saura kwata, su kuwa kwatar suke fara faɗa. Ki zana babban agogo a ƙasa da gawayi ko toka, yaro dogo ya zama hannun minti gajere ya zama na awa, su kwanta ko su tsaya a kan layi, sauran su faɗi lokaci. Ki haɗa shi da abin da suka sani, lokacin taron safe, lokacin tara, lokacin tashi, lokacin Islamiyya.

Kuma ki nuna musu cewa sun riga sun iya Turanci basu sani ba, wannan yana cire musu tsoro ƙwarai. Kwatar nan da muke faɗa ai tasu ce. Awa, minti, lamba, dozin, yadi, inci, galan, lita, layi, tebur, bokiti, fensir, canji, duk aro ne. Ki ce kowa ya je gida ya nemo irinsu biyar, za ki sha mamaki, iyaye ma shiga suke yi. Mu da muka yi firamare kafin naira ta zo a 1973 da fam da sule da kwabo muka yi lissafi, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, ga sisi ga taro, kuma kullum da safe sai an yi mental, wato lissafin ka, na minti biyar kafin a zauna, da bulala a hannun malam. Bulalar ban ba ki shawara ba, amma minti biyar ɗin ki riƙe shi.

Mushe Daga Maraɗi ya amsa:

Salamu alaikum, gaisuwa ga Baba Hedimasta, Allah shi ƙara lahiya. Ni nan Nijar nike koyar da Ingilishi a kwaleji, mu nan yaro sai ya shiga sizyam, ajin farko na kwaleji bayan firamare, yake fara shi bayan ya yi shekara shida da Faransanci, kun ga namu ɗiyan harshe ukku ke kokowa cikin kansu. Wasan kanti da Malama ta faɗi na gwada shi amma mu muna da wata matsala da ku ba ku da ita, mu a kasuwa da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce, abin da anka rubuta 100 a jikinshi dala ashirin muke ce mishi, 500 dala ɗari, 1000 jikka guda. To yaro ya ga 100 bakinshi na son ya ce twenty. Da farko haushi nike ji, daga baya na gane ashe kyauta ce anka ba ni, yaran nan kullum suna ninkawa da biyar suna rabawa da biyar a ka ba su sani ba. Yanzu sai in ce dala talatin, how many francs, su yi ta rige-rige.

Abin da zan ƙara miki Malama shi ne kiran suna da safe, kar ki bar shi ya tafi banza. In kin gama ki tambaya How many boys are here today, yaro ɗaya ya tashi ya ƙirga da ƙarfi, yarinya ta ƙirga mata, a rubuta a kusurwar allo, a haɗa, a ɗebe daga 74 a samu absent. Kullum lambar sabuwa ce, ba mai iya haddace amsa. Sai a rubuta rana da kwanan wata, da ko akwai rana ko hadari ko hazo. Minti bakwai ne amma a shekara ki lissafa sau nawa kenan. Ranakun mako kuma ki ɗaure su da abin da ya shafe su, ranar kasuwar garinsu, ranar da babu Islamiyya, ranar wanki.

Kuma 'yar gala-gala da 'yan mata ke yi, ki sa lambobi cikin gidajen, duk gidan da ta dira ta faɗi sunanshi da Ingilishi, in ta ƙware sai ta riƙa haɗa na baya da na gaba. Maza su auna tsawon aji da taku, wani ya samu 18 wani 22, gardama ta tashi, daga nan long da short da longer sun shigo da kansu, kuma sun gane mi ya sa anka yi mita.

Malamar Aji Uku ta dawo:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma, wallahi na duba littattafansu na samu masu 41 ɗin nan har mutum goma sha ɗaya, da can jan biro kawai nake sa musu in wuce. Sati biyu kenan muna kanti ran Talata da Alhamis, yarinyar awara yanzu ita ce manaja har korar akawu take yi in ya yi kuskure, ranar nan na ji ta ce wa wani no change, ban ma koya musu ba ban san inda ta samo ba. Hedimasta ya leƙo saboda hayaniya ya tsaya ya sayi gwangwanin madara ya fita bai ce komai ba. Kiran sunan Mushe ma mun fara.

Saura matsala biyu. Kusan rabin ajin pipty suke cewa, in na gyara sai su koma fifty ɗin daidai amma pencil ya zama fencil. Sannan akwai wasu kamar goma sha biyar a baya waɗanda ko lambobin basu gama ganewa ba balle canji, su a wasan kantin 'yan kallo ne kawai.

Malama Tun 2009 ta sake amsawa:

Haha manaja ta kama aiki. Maganar pipty kar ta hana ki barci, mu a Hausa sautin ɗaya ne shi ya sa kunnensu bai raba su ba tukuna. Ki ba kowa ɗan yankin takarda ya riƙe a gaban baki, in ya ce pen leɓe biyu su haɗu iska ta fashe takardar ta yi tsalle, in zai ce five haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa ya hura a hankali. Ki sa su kalli bakin juna bibbiyu, minti biyu a rana ya isa, amma kar ki tsayar da ciniki don gyaran baki, in ya ce pipty ya ba da canji daidai ki ƙyale shi ya wuce.

Na bayan nan kuwa su ne aikin. Akwai tsarin da ake kira TaRL, daga Indiya aka samo shi, ana raba yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, kuma shi za ki ɗan kwaikwaya. Ki buɗe musu nasu kantin na biyar, kayan ciki kar ya wuce naira tara, kuɗinsu marfin kwalba ne kowanne naira ɗaya, su ƙirga a tafin mai kanti one, two, three. Kar ki kira shi kantin marasa ƙoƙari, ni kantin alewa nake ce masa har wasu na roƙon a kai su. Ki zauna da su ke da kanki tunda manaja ta riƙe miki sauran, wanda ya iya 1 zuwa 9 ba gargada sai ki ba shi ɗaurin tsinken Baba Hedimasta ya shiga goma. Marafan ki sa mai shagon lemo na unguwarku ya tara miki, a sati za ki samu cikin leda, amma ki wanke su ki duba masu tsatsa kafin ki raba.